Ƙirar Wace Ƙasa Ce? An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata muhawara da ta zama ruwan dare a majalisun matasa na ƙasar Argungu, tun daga Augie har cikin Birnin Kebbi. Da zarar an idar da sallar isha'i an taru gindin mai shayi, sai wani ya zaro waya ya nuna hoton ƙaramar bindiga, wadda dattawa ke kira libarba, 'yan zamani kuma suke kira fistol, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ai ƙirar Italiya ita ce sarauniya, wancan ya ce ƙarya ne, ta Rasha ce ba ta jin ƙura ba ta jin ruwa, wani kuma ya ce ta Sin ai gwangwani ce. Akasarin masu wannan gardama kuwa ba su taɓa riƙe ta ba ko sau ɗaya. Da a ce a nan abin ya tsaya, da sai a ɗauke shi kamar musun ƙwallo. To amma a cikinsu akwai wanda ba wasa yake yi ba, wanda ya sayar da shinkafarsa ta rani ya ƙulle kuɗin, yana bi a ɓoye yana tambayar ƙirar wace ƙasa ya kamata ya nema. Saboda shi ne ya wajaba a yi wannan magana.

Da farko dai babu mai adalcin da zai ce tsoron wannan matashi na banza ne. Ranar Juma'a 8 ga Nuwamban 2024, Lakurawa suka shiga Mera da ke ƙaramar hukumar Augie suka kore shanun jama'a. Mutanen gari suka yi gayya suka bi sawunsu cikin daji, aka dawo da gawar mutum aƙalla 15. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya tsaya a sahun wannan jana'iza, ya ga iyayen da aka bar wa marayu, ba za a yi mamaki ba idan ya kwana yana tunanin abin da zai kare kansa da shi. Kare rai da dukiya da mutunci haƙƙi ne, babu mai ja. Abin da ake ja a kansa shi ne ko tambayar da yake yi ita ce ta dace, kuma ko amsarta za ta tsinana masa wani abu.

A ɗauki ita kanta maganar ƙasar ƙira. Sanin masana ne cewa tambarin da ke jikin bindiga ba ya faɗin rabin labarinta. Fitacciyar ƙaramar bindigar nan da ake kira Browning Hi-Power, Ba'amurke ne ya fara zana ta, John Browning, ya mutu bai gama ba, wani ɗan ƙasar Beljiyam ya ƙarasa ta, kamfanin FN na garin Herstal ya fitar da ita a 1935. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke Jamus ta mamaye Beljiyam, sai aka ci gaba da ƙera ta a wannan masana'anta ana bai wa sojojin Hitila, a daidai lokacin da ake ƙera ta a Kanada ana bai wa abokan gabarsu. Bindiga ɗaya, zane ɗaya, tana kisa ta ɓangarori biyu. To ita wannan ƙirar wace ƙasa ce?

Haka Beretta da ake yi wa kirari da Italiya. Lokacin da rundunar sojan Amurka ta zaɓe ta a 1985, a jihar Maryland ta Amurka aka koma ƙera mata ita. A Burazil kuma kamfanin Taurus ya sayi masana'antar Beretta da ke birnin Sao Paulo a 1980, ya ci gaba da fitar da kusan irinta da sunansa. Glock ta Ostiriya ce, amma ana ƙera ta a jihar Jojiya ta Amurka. Tokarev ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuwa, Sin ta ɗauki zanenta ta buga tata. Ko a nan gida, masana'antar DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma ne ya girka mata injuna, ta kuma fara da bindigogin da Italiyawa suka zana. Ashe ke nan masu gardamar gindin mai shayi suna faɗa ne a kan sunan da su kansu masu kamfanonin ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Su inda riba take, can ne ƙasarsu.

Wannan fa maganar bindigar da ta fito daga masana'anta ta gaskiya ke nan. Wadda ake miƙa wa matashi cikin duhu a bayan kasuwa, a nannaɗe cikin tsumma, wa zai tabbatar masa da asalinta? A Pakistan akwai gari mai suna Darra Adam Khel, wanda ya shahara a duniya da maƙeran da ke kwaikwayon kowace irin bindiga har da tambarinta. A Filifin akwai Danao mai irin wannan suna. A Nijeriya ma 'yan sanda sun sha baje kolin ƙananan bindigogi ƙirar gida da suka kama a jihohi daban-daban. Buga sunan ƙasa a jikin ƙarfe bai fi ƙarfin ɗan koyon ƙira ba. Mai sayarwar ba zai ba da rasit ba, ba a gwaji, ba a mayarwa, idan kuma ta fashe a hannun mai ita ta tafi da yatsunsa babu alƙalin da zai kai wa ƙara. Wanda ya san haramtacciyar haja yake sayarwa, ƙarya a kan tambari ita ce mafi ƙanƙantar laifinsa.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce: ta wace hanya bindiga ta iso ƙasar nan, kuma aljihun wa kuɗinta ke shiga? A watan Janairun 2020 wata ƙungiyar masu bin diddigin makamai da ke Ingila, Conflict Armament Research, ta fitar da rahoto a kan makaman da aka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Abin da ta gano shi ne, wasu sun sulalo daga rumbunan Libiya da aka wawashe bayan kifar da Gaddafi a 2011, wasu daga rumbunan gwamnatin Kwaddibuwa, wasu an yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya ta teku, wasu maƙeran gida suka ƙera, wasu kuma daga hannun jami'an tsaron Nijeriya suka fita. A 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas a kamu huɗu. A 2024 kuma suka sake kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas, a cikin kwantena guda da ta taso daga Turkiyya. Wannan wanda aka kama ke nan.

Wani abin takaicin ma yana cikin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya ce zuwa watan Disamban 2018 akwai bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a iya ba da bayanin inda suke ba, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Da kuɗin talaka aka sayo su domin a kare talaka. Ina suke? Shi ya sa a 2021 tsohon shugaban ƙasa Janar Abdussalami Abubakar ya fito fili ya ce akwai makamai sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Idan da yawan bindiga ke kawo zaman lafiya, ai da yanzu manomin fadamar Rima yana kwana a gonarsa ba fargaba.

Ya kamata matashin da ya ƙulle kuɗin shinkafarsa ya san cewa dillalin da zai sayar masa da ƙarama, shi ne dai ko ubangidansa ke kai manyan cikin daji. Hanya ɗaya ce, kasuwa ɗaya ce. Duk nairar da ya miƙa tana ƙara wa wannan kasuwa jari, gobe kuma ta dawo masa a kan babur da tsakar dare. Shi dillali bai damu da wanda ya mutu ba, tsoron jama'a shi ne kakarsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sannan a zo ga amfaninta. Ita ƙaramar bindiga, ko ta wace ƙasa ce, ba a ƙera ta don karon batta da runduna ba. Nisan da take aiki sosai bai wuce mita 50 ba, shi ma a hannun wanda ya daɗe yana samun horo, alhali AK-47 na cin mutum daga mita 300. Masu kai hari ba su zuwa ɗai-ɗai, ayari suke yi. Kada kuma wani ya ce to sai a nemi babba. A watan Maris na 2022, a ƙaramar hukumar Sakaba ta wannan jiha, 'yan sa-kai suka fita da makamansu domin tunkarar ɓarayin daji, aka yi musu kwanton ɓauna aka kashe sama da 60 a rana guda. Ba ragwaye ba ne, zaratan maza ne. Ana zargin labarin fitarsu ne ya riga su isa daji. Ba tambarin bindiga ya kashe su ba.

Ga kuma doka, wadda mahukunta ba sa tunawa da ita sai a kan mai rauni. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol a jeri ɗaya da igwa da mashin-gan da bindigogin yaƙi, wato haramtattun makamai waɗanda babu mai ikon ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Ba kwamishinan 'yan sanda ba, ba gwamna ba. Hukuncin wanda aka kama da ita ba lasisi ɗaurin shekara 10 ne. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga, nan take babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. To idan maganar gwamna ba ta yi aiki ba, ina ga ɗan talakan da aka tsayar a shingen bincike tsakanin Argungu da Birnin Kebbi aka laluba aljihunsa? A irin wannan zamani ba za a rubuta shi a matsayin mai kare kai ba. Ɗan Lakurawa za a kira shi, a ɗauki hotonsa a watsa. Mahaifiyar da ya so karewa ita za ta sayar da gona tana zaryar kotu.

Ko da ba a kama shi ba, ina zai ajiye ta? A ɗakin da ƙannensa ke shiga neman caja? Bindigar da aka saya don Lakurawa tana iya shafe shekara ba ta ga Balakure ba, amma kullum tana ganin mai gidan a lokacin fushinsa: ranar rikicin iyakar gona, ranar da shanu suka shiga shuka, ranar gardamar siyasa, ranar da aka hana shi yarinyar da yake so. Faɗan da a da yake ƙarewa da zagi da shiga tsakanin dattawa, yanzu sai ya ƙare da likkafani da gabar da za a gada. Ba banza ba Manzon Allah (S) ya hana ko da nuna ɗan'uwa da makami, ko da wasa ne, domin Shaiɗan na iya fizgar hannu.

Su kansu Lakurawan darasi ne. Rahotanni sun nuna cewa a shekarun 2016 zuwa 2018, a yankunan Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, an karɓe su ne a matsayin masu bindigar da za su kori ɓarayin shanu. Suka kori ɓarayin, sannan suka juyo suka ɗora wa jama'a haraji da sunan zakka, suna bulala suna kore dabbobi, har ta kai wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a watan Janairun 2025. An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Bindigar da babu wanda ke tuhumar mai riƙe da ita, daga ƙarshe kan masu gida take juyawa.

To mene ne abin yi? Ba a ce matasa su naɗe hannu ba. Ƙarfin da ake ƙonawa a gardamar Italiya da Rasha, a juya shi kan tambayoyin da ke da masu amsa su. A tambayi shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki, a rubuce kuma a gaban jama'a, jami'an tsaro nawa ke kwana a ƙauyukan da ke bakin daji, kuma minti nawa suke ɗauka kafin su iso idan an kira. A tambayi inda aka kwana kan bindigogin da aka ce sun ɓata daga rumbun gwamnati, da wanda aka hukunta. A toshe kafar masu kai wa daji fetur da burodi da labari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙauyuka su haɗa lambobin waya su tsara yadda labari zai riƙa isa ga juna cikin gaggawa. Wanda yake da zuciyar aikin tsaro ya shiga ta ƙofar da za a rubuta sunansa, a horar da shi, a kuma iya tuhumarsa idan ya yi zalunci. Sannan dattawa su hana bin sawun shanu cikin daji da zafin zuciya. Ana mayar da saniya, ba a mayar da ɗa.

Shi kuwa mai kuɗin shinkafa, ya kwance ƙullinsa ya sayi taki da man injin ban-ruwa, ko ya biya wa ƙaninsa kuɗin jarrabawa. Marayun Mera ba su taɓa tambayar ƙirar wace ƙasa ce ta kashe iyayensu ba. Abin da suke jira su ji shi ne wanda ya bari ta iso garinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya kiyashe matasa daga aikin da-na-sani, Ya kuma tona asirin masu cin riba da jinin bayinSa. Wassalam.