Wa Zai Duba Akushin Tsofaffi a Batsari da Safana?

Jama'a, yau muna so mu ja hankalin mahukunta a kan waɗansu bayin Allah da ba su da bakin kai ƙara, wato tsofaffi da makafi da guragu da kutare na ƙasar Batsari da Safana.

A ƙasar Hausa gidan tsoho shi ne gidan ɗansa. Surukarsa ta san ba shi da haƙori, sai ta dama masa fura da nono, ta yi masa tuwo mai laushi, jikoki su kai masa ɗaki. Haka muka gada. To, amma tun da ɓarayin dajin Rugu suka tashi ƙauyuka, gidan nan ya watse. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, har aka ɗauko gawawwakinsu zuwa birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. A Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, da yawansu tsofaffi ne da yara waɗanda suka kasa gudu. Waɗanda suka tsira aka kwaso su zuwa makarantun firamare da zaurukan dangi a cikin gari. Shanun da ake tatsa sun tafi, rumbu ya ƙone, ɗan da ke noma ko yana kabari ko yana ci-rani. An yi zaman sulhu a 2025, mun ji, amma sulhu bai mayar wa kowa da saniyarsa ba.

Me Gwamnati ke kawowa in ta tashi taimako? Buhun shinkafa da taliya da jarkar mai, sai a jera su, a kira masu ɗaukar hoto, manya su yi jawabi su shiga mota. Ba mu raina buhu ba, mai jin yunwa ba ya raina loma. Amma wa ya bi buhun nan ya ga cikin wa ya shiga? Mai ƙarfi ne ke kutsawa layi. Makaho yana baya, gurgu yana gindin bishiya, tsohuwa kuwa kunya ma ba ta barinta ta fito.

Ko da rabon ya iso gare su, da sauran magana. Cikin tsoho ba irin na saurayi ba ne. Ci ya ragu, ƙishirwa ba ta dame shi ko jikinsa na bukatar ruwa, nama yana zubewa daga ƙashi. Wanda ya shanye ɓarin jiki sau da yawa haɗiya kan gagare shi, ruwa tsararo ya sarƙe shi ya gangara huhu ya zama ciwon da zai kai shi kushewa, alhali kunu mai kauri zai wuce lafiya. Mai ciwon sukari in aka ɗora shi a kan farar shinkafa safe da dare an cuce shi. Mai hawan jini ba ya son miyar da aka cika wa gishiri da dunƙule. Wanda ya daɗe kwance har bayansa ya yi gyambo, gyambon ba ya warkewa sai da abinci mai gina jiki. Sanin waɗannan abubuwa sana'a ce da ake koyo. Akwai masana abinci, ana horar da su a nan Arewa, Kwalejin Fasaha ta Kaduna ma ta daɗe tana yaye su. Aikinsu su auna mutum a sikeli, su zagaya damtsensa da awo, su tambayi ciwonsa, su ce ga abin da zai ci, ga yadda za a dafa.

Kada wani ya ce mana wannan almubazzaranci ne na Turawa. Abin da masanin zai rubuta yana nan a kasuwar Batsari da ta Runka: wake, gyaɗa, waken suya, zogale, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai in an samu. Kunun gyaɗa ya fi taliya amfani ga tsohuwa mara haƙori, kuɗinsa kuma ba zai karya baitulmali ba.

Duba abin da baƙi suka yi wa yara. Likitocin MSF, waɗanda ke aiki a Jihar Katsina tun 2021, sun ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu da tamowa a asibitocinsu cikin wata shida na farkon 2025. Da suka auna uwaye 750 masu jinyar yaran, sai suka tarar fiye da rabinsu su ma yunwa ta ci su. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya zo ya ƙirga mana matattunmu, amma dai an ƙirga, duniya ta ji. To, in uwa mai sauran ƙarfi ta rame haka, ina ga kakar da ke ba jikanta rabonta ta ce ta ƙoshi?

Doka kuwa ba a rasa ta ba. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, shi ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, ya kuma sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019. Ofisoshi suna Abuja, da shugabanni da motoci. Je ka tambayi makahon da ke Safana ko dokar ta taɓa zuwa ƙofarsa.

Abin da muke nema ga Gwamna Dikko Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu ba shi da wuya. A sa dagatai da masu unguwanni su rubuta sunan kowane gajiyayye da ba shi da mai ciyar da shi, da sarkin makafi da na guragu da na kutare a cikin aikin, don su suka san mutanensu. A ɗauki masanin abinci ko da ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a ba shi babur da sikeli, ya riƙa zagayawa kowane wata yana koya wa matan da ke girki. Duk gidan da Gwamnati ta tara marasa ƙarfi tana ciyar da su, a sa masanin nan ya duba tukunyarsu, a fara da Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari, inda aka san kutare na jinya tun zamanin Turawa. Ɗan kwangilar abinci kuma kada a biya shi sai masanin ya sa hannu.

'Yan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana su kawo maganar nan a zauren majalisa kafin a rufe kasafin kuɗi. Za mu buga sunan wanda ya tashi ya yi magana, za mu kuma buga sunan wanda ya yi shiru.