Darasin jirgi mara inji ga masu haɗa batir a Kusfa

Akwai wani nau'in jirgin sama da ba shi da inji, ana kiransa gilaida. Wani jirgi ne ko na'urar jan igiya ke ɗaga shi sama, daga nan sai ya riƙa hawa iska mai ɗumi kamar yadda shaho ke yi. Da yake babu inji, babu abin da ke yi masa caji a sama. Rediyon matuƙi da na'urar FLARM, wadda aka ƙirƙiro a Siwizalan a 2004 don hana jirage karo, duk sun dogara ne da ƙaramin batir mai bolt 12, galibi mai amfa-awa 7.

Saboda haka masu wannan jirgi ba sa wasa da batir. Suna sa fiyus daf da bakin batir, domin idan wayoyi suka haɗu, fiyus ya tsinke kafin waya ta kama wuta. Suna ɗaure batir tam kada ya motsa. Da yawa suna ajiye na biyu da makunninsa daban. Masu amfani da litiyom kuma sun fi zaɓen nau'in LiFePO4, wanda bai cika kamawa da wuta ba, tare da allon BMS mai hana caji ya wuce kima.

Wannan tarbiyya ce ya kamata ta shigo Kusfa. A Zariya, garin da aka kafa Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama tun 1964, akwai matasa masu basira da ke ciro ƙwayoyin batir 18650 daga matattun laftof su haɗa fawa banki, fitila ko fanka mai caji. Aikin ya cancanci yabo. Matsalar ita ce sau da yawa ana haɗa tsohuwar ƙwaya da sabuwa, babu fiyus, babu BMS, a naɗe da salatif, a bar shi kan katifa yana caji cikin zafin Afrilu.

Wani zai ce wannan tsari na masu kuɗi ne. Amma nawa fiyus yake idan aka kwatanta da ɗaki da kayan cikinsa? Ko manyan kamfanoni batirin litiyom ya ba su kunya. A Janairun 2013 an dakatar da jiragen Boeing 787 saboda wutar batir, a 2016 kuma aka hana shiga jirgi da wayar Galaxy Note 7. Har yau fawa banki ba ya shiga jakar da ake sawa a ƙasan jirgi, kuma wanda ya haura wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Mai 30,000mAh ya kai kusan wat-awa 111.

Matuƙin gilaida ya san ba shi da wurin tsayawa idan hayaƙi ya tashi. Iyalin da ke barci a ɗaki mai ƙofa ɗaya ma haka suke. Duk mai haɗa batir ya sayar wa maƙwabta, ya sa fiyus da BMS, ya gwada kowace ƙwaya kafin ya haɗa. Mai saye kuma ya tambaya kafin ya biya.