Kulle Ƙwaƙwalwar Babur Ƙwace Ne, Ko da An Kira Shi Kariya

Akwai wani ra'ayi da ya fara samun gindin zama a tsakanin dillalan ababen hawa da wasu masu ilimin zamani, cewa injin yau ya fi ƙarfin makanikin bakin titi, don haka kamfanin da ya ƙera babur yana da gaskiya idan ya kulle kwamfutar da ke sarrafa injinsa ta yadda babu mai iya leƙa cikinta sai wakilinsa. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da kare rayuka, da tsaftar iska, da kare mai saye daga ɓarnar masu gyaran kame-kame, idan kuma aka matsa musu sai su ce ai batun na masu tseren babura ne a Turai da Amurka, bai shafi mutumin unguwar Gesse a Birnin Kebbi ko na Argungu ba. Wannan ra'ayi kuskure ne tun daga tushensa, kuma kuskure ne mai tsada, domin babu inda kulle inji zai fi yin illa kamar yankin da babur ɗaya ke kai mara lafiya asibiti, ya kai hatsi kasuwa, sannan ya ciyar da gidan mai shi.

Abin da ake kira ƙwaƙwalwar inji, wadda masu ƙera ababen hawa ke taƙaita sunanta da ECU, ƙaramar kwamfuta ce da ke karɓar bayanai daga na'urorin da ke auna zafin inji, da yawan iskar da ke shiga, da saurin juyawarsa, da yanayin hayaƙin da ke fita, sannan ta yanke adadin man da injekta zai fesa da kuma daidai lokacin da filogi zai ba da wuta. A tsohon tsari kafireto ne ke haɗa mai da iska, kuma duk makanikin da ke da sukundireba da kunne mai ji yana iya ƙara masa ko rage masa. A sabon tsari wannan saiti ya koma lambobi da aka rubuta cikin manhaja, kulle ta kuwa yana nufin ɓoye lambobin da rubutun sirri, da hana ta amsa kowace na'urar bincike in ba ta kamfanin ba, wani lokaci ma har da ɗaure kayan gyara da lambar abin hawa, ta yadda sabon kayan da aka saka ba zai yi aiki ba sai wakilin kamfani ya yi masa rajista.

Gaskiya ne cewa mafi yawan baburan da 'yan kabu-kabu ke hawa a Birnin Kebbi, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, har yanzu na kafireto ne, sai dai ƙasashen da suke fitowa sun riga sun sauya hanya. Ƙasar Sin ta tsaurara dokar hayaƙin babura a 2019, Indiya kuma ta fara aiki da matakin da take kira BS-VI a watan Afrilun 2020, kuma matakan biyu sun tilasta wa masana'antu komawa ga injekta da kwamfuta a mafi yawan baburan da suke sayarwa a gida. Masana'antar da ta sauya layin ƙirarta saboda kasuwarta ta gida ba za ta ci gaba da riƙe tsohon layi har abada saboda Afirka ba. A Najeriya ma akwai abin da ke jan kasuwa zuwa can, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa ya fi na kafireto tattalin mai. Baburan lantarki da suka fara shigowa biranen Najeriya kuwa kusan komai nasu manhaja ce. Saboda haka sabon injin yana tafe, kuma alheri ne ya zo. Abin da ya rage a tantance shi ne ko mabuɗinsa zai biyo shi ko zai tsaya a aljihun kamfani.

Sai an dubi yadda ake rayuwa a kwarin Rima kafin a gane nauyin wannan tambaya. Manomin da ke noman rani a fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza a kan babur yake kai taki da man injin ban ruwa, a kansa yake fito da buhunan shinkafa zuwa bakin hanya, kuma idan injin ya tsaya a tsakiyar aiki, makanikin ƙauye ne ke kwance shi a gindin bishiya ya tayar da shi kafin rana ta faɗi. Ɗan kabu-kabun da ya karɓi babur bisa sharaɗin biyan balas kullum ba shi da ikon ajiye shi kwana uku yana jiran wakilin kamfani, balle ya ɗora shi a mota zuwa Sakkwato ko Kano domin a goge wata lamba da kwamfuta ta rubuta saboda ƙura ta toshe na'urar auna iska. A ƙasar da garejin dillali yake a kowace unguwa, kulle inji tsada ce kawai yake ƙarawa. A Kamba ko Kalgo kuwa yana nufin babur mai lafiyayyen ƙarfe ya zama kayan gwangwan.

Hujjar kare rayuka ita ce ta fi ƙarfi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Babu shakka ana iya sauya manhajar inji domin a cire masa iyakar gudu ko a ƙara masa ƙarfi fiye da abin da birkinsa zai iya riƙewa, kuma an yi hakan: a 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda sayar da kimanin na'urori 340,000 na sauya saitin inji waɗanda ke ƙara gurɓataccen hayaƙi. Amma abin lura a nan shi ne cewa kamfanin da kansa ne ya sayar da na'urorin, wato ƙara wa inji ƙarfi bai dame shi ba muddin kuɗin a asusunsa zai faɗa. Bayan shekaru shida, a 2022, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa kamfanin nan ya janye sharaɗin da ke barazanar soke garanti ga duk wanda ya yi gyara ko ya sayi kaya a wajen dillalansa. Sannan kuma saitin da ake nema a Kebbi ba na tsere ba ne. Ana neman injin da zai jure zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da nauyin kaya a kan yashi, da man 'yan bumburutu wanda ingancinsa ke sauyawa daga galan zuwa galan. Injin da aka saita a wata ƙasa bisa tsaftataccen mai da titin kwalta, sannan aka hana a daidaita shi da yanayin da zai yi aiki a ciki, yana iya mutuwa a tsakiyar hanya da dare ɗauke da mai naƙuda, wannan ma haɗari ne ga rai. Iyakar gudu da iyakar hayaƙi abubuwa ne da doka za ta iya tsarewa ta hukunta mai karya su, ba tare da an hana mutum sanin abin da ke damun injinsa ba.

Hujjar tsaftar iska ta fi rauni idan aka auna ta da abin da ya faru. Babbar yaudarar hayaƙi da duniya ta gani a wannan ƙarni ba daga garejin bakin titi ta fito ba. A watan Satumban 2015 aka bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya dasa manhaja a cikin motocin dizal kimanin miliyan 11, wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi ta rage shi, idan an hau titi kuma ta sake shi ninkin ba ninkin. Masu bincike masu zaman kansu daga wata jami'a a jihar West Virginia ne suka fara gano bambancin ta hanyar auna motocin a kan hanya. Darasin a bayyane yake: a cikin rufaffiyar manhaja aka ɓoye ha'incin shekara da shekaru, kuma idon na waje ne ya tona shi. Wanda ya damu da iskar da yaran Birnin Kebbi ke shaƙa ya kamata ya zama na farko wajen neman a buɗe kwamfutar inji ga masu bincike.

Sauran hujjar ita ce ta raina makaniki, wato cewa bai yi karatu ba, zai lalata abin da bai sani ba. Tarihin motoci a Najeriya ya riga ya ƙaryata wannan. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar ta kasance da kafar bincike iri ɗaya da lambobin matsala na bai-ɗaya, tsarin da ake kira OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a farkon shekarun 2000. Albarkacin wannan tilasci ne makanikin mota a Birnin Kebbi yake iya jona wata ƙaramar na'ura mai araha a jikin motar da aka shigo da ita daga waje, ya karanta abin da ke damunta, ya gyara. Mutanen da aka ce ba za su iya ba sun koya cikin 'yan shekaru, da yawansu ta hanyar wayar hannu da koyon sana'a a wurin maigida, domin ƙofar a buɗe take. Ba kamfanoni ne suka buɗe ta don alheri ba, doka ce ta buɗe ta. Idan makanikin babur ya kasa gyara injekta gobe, dalilin shi ne an hana shi na'ura da littafin gyara, kuma ba adalci ba ne a hana mutum ilimi sannan a kafa hujja da jahilcinsa.

Lamarin bai tsaya ga babur ba, kuma jihar da ta ɗora tattalin arzikinta a kan shinkafa ta fi kowa buƙatar lura. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi, kuma duk wannan yana kira ga ƙarin taraktoci da injinan girbi. Manoman Amurka sun shafe shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere a kan taraktocin da ba sa komawa cikakken aiki bayan wasu gyare-gyare sai dillali ya zo da kwamfutarsa, har jihar Colorado ta yi dokar 'yancin gyaran kayan noma a 2023, hukumar ciniki ta ƙasar kuma ta maka kamfanin a kotu a watan Janairun 2025. Idan manomin da ke da dillali a kusa, ga lauya ga ɗan majalisa, ya sha wannan wahala, ana iya ƙiyasta halin wanda shinkafarsa ta nuna a fadamar Suru, ruwa yana barazanar malalowa, injin girbi kuma yana jiran lambar sirri daga Legas.

Idan aka ajiye hujjojin nan gefe, abin da ya rage shi ne kuɗi. Ribar sayar da babur sau ɗaya ake cin ta, ribar gyara da kayan gyara kuwa tana gudana tsawon rayuwarsa, kuma kulle kwamfuta hanya ce ta mayar da wannan riba daga hannun dubban makanikai da masu shagunan kayan gyara zuwa hannun kamfani ɗaya. A nan ne batun ya taɓa ma'anar ciniki kanta. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a zaurukan Gwandu da Argungu, sun daɗe da bayyana cewa sharaɗin da ke takure mai saye har ya saɓa wa manufar ciniki, kamar a sayar wa mutum abu bisa sharaɗin kada ya sayar da shi ga kowa, yana ɓata cinikin. Hukunta wannan sabuwar mas'ala aikin malamai ne, amma tambayar a fili take: wanda ya biya kuɗin babur cif, aka kuma hana shi gyara shi inda ya ga dama, shin ya mallaka ne ko haya yake yi ba tare da an faɗa masa ba?

Mafita ba ta buƙatar ƙirƙiro sabon abu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 168 ta 2013, wadda ta shafi babura da masu ƙafa uku, ta haɗa abubuwa biyun da ake cewa ba sa haɗuwa: ta buƙaci matakan hana sauya inji ta hanyar da za ta cutar, ta kuma wajabta wa kamfanoni su ba masu gyara masu zaman kansu bayanan gyara da na bincike. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci suna da ikon sanya irin wannan sharaɗi kafin a amince da shigo da kowane samfurin babur ko harhaɗa shi a Najeriya, wato kafar bincike ta bai-ɗaya, da littafin gyara a bayyane, da haramta ɗaure kayan gyara da lambar sirri. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa domin kare masu saye da hana babakere, ya kamata ta ɗauki ɓoye wa mai saye cewa injinsa a kulle yake a matsayin yaudara. Gwamnatin Jihar Kebbi, wadda takan sayi babura da taraktoci da yawa domin rabawa, tana iya rubuta wannan sharaɗi a cikin kowace kwangila ba tare da jiran Abuja ba, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru kuma tana iya buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga makanikan da ke aiki.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Muddin kasuwar tana hannun kafireto, gwamnati da masu saye suna da ƙarfin gindaya sharaɗi, domin kamfanoni ne ke neman shiga. Ranar da rufaffun injuna suka cika tituna, ƙarfin zai koma hannun mai mabuɗi. Ya wajaba ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kabu-kabu da na manoman shinkafa a Kebbi su kai wannan buƙata gaban Majalisar Dokokin Jiha da wakilansu a Majalisar Tarayya tun yanzu, kuma kowane mai sayen sabon babur ya tambayi dillali, kafin ya ƙirga kuɗi, wane ne zai iya gyara shi a garinsu.