Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Makarantun Sakandare na Suleja



Sakamakon WAEC da na NECO yana jera ɗalibi daga A1 zuwa F9. Daga C6 zuwa sama ne kiredit, kuma sai da kiredit biyar, har da Turanci, ake neman gurbi a jami'a. Wannan maki yana nuna abin da ɗalibi ya fahimta ya kuma iya rubutawa cikin 'yan awoyi, da irin shirin da ya yi kafin ranar. Ta nan kam shaida ce mai ƙarfi.

Sai dai bai cika bayyana himma ba. Yaron da ke tsaron shago a Kasuwar IBB har magariba, yana bitar littafi tsakanin ciniki da ciniki, idan ya samu C5, ƙila ya fi mai B2 da ake ɗaukar wa malamin gida naci. Satar amsa kuwa ɓata ma'aunin take yi baki ɗaya.

Baiwar hannu ma takardar sakamakon ba ta aunata. Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta wannan gari a 1954 ba tare da karatun boko ba, ga shi hotonta na bayan takardar naira 20.

Saboda haka ana roƙon shugabanni su ƙarfafa gwajin cikin zango, su kuma umarci malaman aji su riƙa rubuta yawan zuwan ɗalibi, da ci gabansa daga zango zuwa zango, da aikin hannunsa a katin sakamako.

Wassalam.