Sharhi: Tabon da Ba Ya Ƙaiƙayi

 

Hunturu ya kankama a ƙasar Danja. Duk wanda ya yi sammako zuwa fadamar tumatir a 'yan kwanakin nan ya san yadda iska ke tsaga leɓe, ta bar faso a dugadugai, ta mayar da ƙafar yaro fari fat kamar an barbaɗa mata toka. A cikin wannan yanayi ne kuma, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, duniya ke tunawa da masu fama da cutar kuturta. Shi ya sa muka ga ya dace yau mu yi magana a kan fata, rigar da Allah ya ɗinka wa kowa, da kuma wata ɗabi'a da ta zame mana jiki: da an ga tabo ko ƙurji, sai a yi maza a shafe shi da wani abu tun ba a san ko mene ne ba.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Uwa ta ga wani zagaye a kan ɗanta, gashin wurin ya kakkarye, fatar tana fitar da gari. Sai ta aiki yayarsa kemis, a ce a ba da maganin ƙuraje. Mai kemis bai ga yaron ba, bai tambayi komai ba, ya miƙo man shafawa irin mai haɗi uku. Kwana uku ƙaiƙayi ya lafa, uwa ta yi hamdala. Kafin wata ya zagayo, zagaye ɗaya ya koma uku, ƙanen yaron ma ya ɗauka. Abin da ya faru shi ne, yawancin irin wannan mai yana ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, amma ya raunana garkuwar fata, ya buɗe wa makero hanyar bazuwa. Ya kuma goge kamannin cutar, ta yadda ko an kai yaron asibiti daga baya, sai ma'aikacin lafiya ya sha wahala kafin ya gane ta. Alhali makeron kai a saiwar gashi yake zaune, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganinsa ƙwaya ce da ake sha kullum har tsawon mako 6 zuwa 8 bisa umarnin likita, tare da daina haɗa mataji da hula, da tsabtace aska ko injin aski tsakanin kai da kai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Kakanninmu sun ƙura wa fata ido, suka raɗa wa kowace cuta sunanta: ga makero, ga kyasbi, ga kirci, ga ƙazuwa, ga borin jini, ga maruru, ga gyambo, ga albaras. Mu ne muka tattara su duka muka zuba a kwando ɗaya, muka ce ƙuraje. To, aikin likitan fata na farko shi ne irin wannan rarrabewa. Kafin ya ɗauki biro, ido yake sa wa aiki, a cikin hasken rana, ba a lungun ɗaki ba. Yana duba ko abin a shafe yake daidai da fata, launi ne kawai ya sauya, ko kuwa ya taso har yatsa na jin sa. Idan ya taso, ruwa ya ɗura kamar bororon ƙuna, ko mugunya ce a ciki, ko tauri gare shi? Yana ɓamɓaroki, ko ya fashe ya zama miki? Gefensa a zane yake sarai kamar na makero, mai tasowa a baki yana warkewa a tsakiya, ko ya narke cikin lafiyayyar fata? A wane sashen jiki yake, kuma guda nawa ne? Akwai wani abu da ya shafe mu musamman: yawancin littattafan likitanci da hoton farar fata aka rubuta su, inda kumburi ke fitowa ja. A jikin baƙar fata sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa, ko ya yi ƙyalli, don haka ido kaɗai ba ya isa, sai an taɓa da hannu an ji ɗumi da tauri.

Bayan kallo sai tambaya, kuma tambayoyin ba su wuce biyar ba, ya kamata kowane magidanci ya riƙe amsarsu kafin ya fito daga gida. Yaushe abin ya fara? A ina ya fara kafin ya bazu? Ƙaiƙayi yake, ko zafi, ko kuwa ba ya komai? Wa ke da irinsa a gida ko a makaranta? Me aka shafa, me aka sha? Wannan ta ƙarshe ita aka fi ɓoyewa saboda kunya, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan man bilicin ne, a faɗa. Idan jiƙo ne ko garin magani, a faɗa. Idan akwai sauran kwali, a taho da shi. Inda amsa ba ta wadatar ba, likita kan kankare ɗan garin fatar ya duba a madubin likita, ko ya yanki ɗan tsoka kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji.

Dubi yadda waɗannan tambayoyi ke warware matsala. Yaro yana susa, abin ya fi tsananta da dare, ƙurajen suna tsakanin yatsun hannu, da wuyan hannu, da ƙugu, kuma duk waɗanda ke kwana tabarma ɗaya da shi suna susa. Wannan ƙazuwa ce, wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke haƙa rami a fata tana zuba ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a shekarar 2017, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 ne ke fama da ita. Ba a yi wa mutum ɗaya maganinta. Gida duka, ko tsangaya duka, ake shafa wa magani a dare guda, tun daga wuya har tafin ƙafa, a wanke tufafi da barguna a shanya a rana. Kuma kada a raina ta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: susa na fasa fata, wasu ƙwayoyin cuta su shiga, har su kai ga taɓa ƙodar yaro. Haka nan manomin da bayansa da kafaɗunsa suka yi ƙuna daidai inda famfon feshi ke zama, tambaya ɗaya ce za ta gano cewa maganin ƙwari ne ke zubar masa a jiki. Waraka tana ga toshe yoyon, da sanya riga mai kauri, da wanka da sabulu da zarar an gama feshi.

Yanzu bari mu zo kan tabon da ya fi kowanne haɗari, wanda kuma ya fi kowanne shiru. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya hana barci. Wuri ne kawai ya yi haske fiye da sauran jiki, a baya ko a damtse ko a cinya, sai a ce ai kyasbi ne. A nan ne audugar da ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta yi suna da ita ke da wani aiki da ba na masaƙa ba. Ma'aikacin lafiya zai tsinko ɗan ƙulli, ya murza bakinsa ya yi siriri. Ya fara taɓa lafiyayyar fata yana cewa, "Baba, duk inda ka ji na taɓa, ka nuna mini da yatsa." Dattijo ya nuna. "To Baba, yanzu rufe idonka." Ya taɓa kafaɗa, dattijo ya nuna. Ya taɓa gefen tabon, ya nuna. Ya ɗora audugar a tsakiyar tabon, ya sake ɗorawa, dattijo na zaune shiru yana jira, can ya ce, "Malam, ka taɓa ne?" Wannan shirun shi ne babbar alamar kuturta. Daga nan sai a lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa a ji ko sun yi kauri.

Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, kuma haɗa kifi da nono ba ya kawo ta. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano a shekarar 1873. Tana yaɗuwa ta numfashi, bayan an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara magani ba, kuma jikin mafi yawan mutane na kashe ta da kansa. Takan yi kimanin shekara 5 a ɓoye, wani lokaci har 20. Dungulewar yatsu da muke gani ba ita ce farkon cutar ba, ƙarshen jinkiri ce. Ƙwayar na kashe jijiyar ji, sai mai dafa mazarƙwaila ya kama bakin kasko ya ƙone bai sani ba, ƙaya ta kwana uku a tafin ƙafar manomi bai ji ba. Rauni a kan rauni, ƙashi ya ci, yatsa ya gajarce.

Duk wannan abu ne da za a iya tarewa. Tun farkon shekarun 1980 aka samo haɗin magunguna uku da ke warkar da kuturta sarai, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su a duniya baki ɗaya. Mai tabo 1 zuwa 5 wata 6 zai sha, wanda nasa ya wuce haka wata 12. Da ya fara sha ya daina yaɗa cutar, ya ci abinci kwano ɗaya da iyalinsa, ya shiga sahu a masallaci. Fitsari zai yi ja, fata za ta ɗan ƙara duhu, waɗannan aikin maganin ne, suna wucewa, kada su sa a daina. Najeriya ta kai matakin da ake cewa an shawo kan cutar a 1998, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, amma shawo kai ba ƙarewa ba ne, har yau duniya na samun sababbin masu ita wajen 200,000 a shekara. Mu kuwa ba mu yi nisa da taimako ba. Kowace ƙaramar hukuma na da jami'in kula da tarin fuka da kuturta. Ga asibitin Babbar Ruga kusa da Katsina, ga cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, dukansu biyun nan a ƙasar Zariya, maƙwabciyarmu.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su a gida. Ƙuraje tare da zazzaɓi mai zafi a jikin yaro. Fatar da ta fara bororo tana saɓulewa, baki da ido suka yi miki, bayan an sha wani magani. Gyambon da ya wuce wata bai nuna alamar warkewa ba, musamman ga mai ciwon suga ko zabiya. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke ƙara faɗi ko yake zubar da jini, domin a nan ne wani mugun nau'in sankarar fata ya fi kama baƙar fata.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata, ku da kuke yi wa yara wanka, ku ne likitocin farko, ku duba bayan yaro da tsakanin yatsunsa. Muna roƙon malamanmu na tsangaya, Allah ya gafarta malam, idan almajiri ɗaya ya fara susa, a nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya duba su duka. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, kada ku sayar da magani a kan cutar da ba ku gani ba. Hukuma kuma ta tabbatar ƙananan asibitocinmu na Dabai da Kahutu da Tandama da sauran ƙauyuka suna da ma'aikacin da ya iya wannan gwaji, kuma maganin kuturta bai yanke wa wanda ya fara sha ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai saurare, idan akwai wani farin tabo a jikinka da ka daɗe kana rufewa da riga don bai dame ka ba, yau ka tsinko ɗan ƙullin auduga, ka rufe ido, ka ce wa uwargida ko ɗanka ya taɓa wurin. Idan ba ka ji ba, gobe da safe ka nufi asibiti, tun yatsunka goma suna nan suna riƙe fartanya.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.