Oslo: Ana Cinikin Kifi Yana Cikin Ruwa

Tun tsakiyar wannan shekara ta 2002 masu sha'awar kayan lantarki ba su da wata hira sai ta Oslo. Ba babban birnin ƙasar Norway nake nufi ba. Sunan ɓoye ne da aka ce kamfanin Palm na Amurka ya laƙaba wa wata sabuwar na'urar tafin hannu da yake shirin fitarwa. Wasu hotuna sun ɓulla, aka ce ai ita ce, daga nan kowa ya zama masani. Hirar ta iso har nan makarantarmu, musamman wajen 'yan sashen kwamfuta da na lantarki, inda za ka ji wanda ko tsohuwar bai taɓa riƙewa ba yana rantsuwa a kan ranar da sabuwar za ta fito. Ni ma ina da nawa hasashen, zan kuma faɗe shi. Amma ra'ayina a taƙaice shi ne: abin da jita-jitar take aunawa daban, abin da ɗalibi yake buƙata daban, kuma duk wanda ya ɗaure kuɗinsa yana jiran wai-wai, to shi ya so.

Bari in fara da waɗanda ba su san ma me ake magana a kai ba. Na'urar tafin hannu 'yar ƙaramar kwamfuta ce da take shiga aljihun riga. Aikinta na asali huɗu ne: ajiye jadawalin kwanaki, ajiye adireshi da lambobin mutane, jerin ayyukan da kake son yi, da ɗan rubutun tunatarwa. Wato dayari ce mai batir. Ana rubutu a fuskarta da wani ɗan tsinke, da wasu haruffa na musamman da ake kira Graffiti, waɗanda sai ka ɗan koya kafin hannunka ya faɗa. Idan ka ɗora ta a kan 'yar kujerarta da ke haɗe da babbar kwamfuta, ka danna maɓalli guda, sai bayanan su kwafu can. Wannan shi ake kira HotSync. Ku riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta.

To me ake cewa Oslo za ta zo da shi? A nan ya kamata mu raba zare da abawa, domin akwai abin da yake tabbas, akwai wanda yake wai. Tabbas ne cewa a watan Yuni an miƙa sabuwar manhajar Palm OS 5 ga kamfanonin da suke ƙera na'urorin. Tabbas ne cewa wannan manhaja an yi ta ne don sabuwar ƙwaƙwalwa samfurin ARM, ba tsohuwar DragonBall ta kamfanin Motorola ba, wadda a m505 gudunta 33 MHz ne kacal, alhali iPAQ ta Compaq tana gudun 206 MHz tun shekarar 2000. Sauran kuwa duk wai ne. Wai jikinta zugewa yake yi, ka ja ya buɗe wurin rubutu, ka tura ya rufe ta gajarce. Wai fuskarta mai launi ce, ɗigo 320 a tsaye 320 a kwance, ninki huɗu ke nan na 160 sau 160 da aka saba, abin da Sony ta riga ta yi a nata samfurin Clié. Wai tana da Bluetooth a ciki, ta yi magana da wayar salula ba tare da igiya ba. Wai har da naɗar murya. Kamfanin dai bai fito ya ce ga ranar ba, bai ce ga farashin ba.

Nawa hasashen ga shi. Za ta fito kafin Kirsimeti, domin lokacin ne kasuwar Amurka take ci, kuma babu kamfanin da zai bari wannan kaka ta wuce shi. Farashinta ba zai gaza dala 400 ba, tunda m505 da dala 449 ta fito, m515 kuma da dala 399. Sannan batirinta na caji ne, wanda za a riƙa lissafinsa da kwanaki, ba da makonni ba, saboda fuska mai launi da ƙwaƙwalwa mai gudu ci gare su. Idan ta fito kuka ga saɓanin haka, ga shafin nan, ku zo ku ƙaryata ni.

Amma me ya sa nake cewa kar a ɗaura aure da jita-jita? Saboda tarihin wannan sana'ar cike yake da alƙawarin da ya fi kayan girma. Shugaban Apple na lokacin, John Sculley, ya fara tallar Newton tun 1992. Ba ta shiga kasuwa ba sai 1993, a kan dala 699, kuma babban abin da aka yi ta kurantawa, wato karanta rubutun hannun mutum, shi ne ya zama abin dariya. A 1998 aka rufe babinta. Ita kuwa Pilot, kakar su Palm, da ta fito a 1996 a kan dala 299, ba ta yi alƙawarin komai ba sai waɗancan ayyuka huɗu. Wanda ya ƙirƙiro ta, Jeff Hawkins, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi yana yi kamar yana rubutu, don ya gane abin da mutum zai buƙata da gaske. Abin da ba ya buƙata ya zubar. Ita ce ta yi kasuwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shi kansa Palm ya taɓa ƙona hannunsa da wannan wutar. A watan Maris na 2001, mako guda bayan abokin hamayyarsa Handspring ya fito da Visor Edge, sai ya yi gaggawar shelar m500 da m505 alhali kayan ba su gama shiri ba. Me ya faru? Mutane suka daina sayen tsofaffin samfura suna jiran sababbi, sababbin kuma suka yi jinkiri, ga tattalin arzikin Amurka ya ja baya a daidai lokacin. Kaya suka taru a sito, kamfanin ya tafka asarar sama da dala miliyan 250 a kan kayan da suka yi kwantai, kuma kafin shekarar ta ƙare shugabansa Carl Yankowski ya ajiye aiki. Waɗanda suka yi haƙurin jiran m505 fa? Da ta iso hannunsu sai kuka ya tashi cewa fuskarta dishi-dishi take, sai ka karkata ta wajen haske kafin ka ga launin. Shekara guda bayan nan aka fito da m515 mai haske sosai, da ma'ajiya 16 MB maimakon 8 MB, kuma a farashin da bai kai na farko ba. Wanda ya yi gaggawa ya biya da yawa, ya samu kaɗan.

Ba ma wannan ba. A watan Agustan 2002, Palm ya amsa da bakinsa cewa m130, wadda aka tallata da launuka sama da 65,000, ba ta kai haka ba. Ya ce 58,621 ne, su ma ta hanyar dabarar gauraya launi. To jama'a, idan abin da aka buga a jikin kwali zai iya zama ba daidai ba, ina ga hoton da ba a san wanda ya ɗauka ba?

Yanzu mu dawo gida, mu auna da namu mudun. Abu na farko kuɗi. A shekarar 2002 dala ta haura naira 120. Ka lissafa dala 449, za ka ga ta wuce naira dubu hamsin, kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya a lokacin naira 7,500 ne. Wato albashin wata bakwai cur, ba ci ba sha, a kan abin da zai iya zamewa daga aljihu a kan acaɓa. Yawancinmu kuɗin handawut ma sai an yi ƙarfin hali. Wanda Allah ya hore wa, ba ni da ja da shi, amma ya san abin da yake saya.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi damuna, kuma ba ka jin sa a bakin masu hasashe: wuta. Waɗannan na'urori suna riƙe bayananka ne a ma'ajiyar da take buƙatar batir kullum. Idan batir ya mutu murus ya daɗe a haka, komai ya tafi: lambobi, jadawalin lakca, ranar tes, bayanan firojet. Mutumin Kalifoniya bai damu ba, domin kowane dare yana ɗora tasa a kan caji, kuma yana da kwamfutar kansa da yake yin HotSync, ko ta goge zai dawo da kayansa cikin 'yan mintoci. Mu fa? Hostal ɗin da ake iya kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba, soket guda mutum takwas suna layi da hita da dutsen guga. Mu nawa ne muke da kwamfutar kanmu? A irin wannan hali, tsohuwar m105 ko IIIxe mai fuska baƙi da fari, mai cin ƙananan batura biyu samfurin AAA da za ka samu a teburin mai shago, waɗanda kan yi makonni kafin su ƙare, ta fi mana Oslo amfani nesa ba kusa ba. Ka dai yi sauri wajen canja batir ɗin, don ɗan lokacin da take ba ka bai wuce kamar minti ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san abin da abokaina 'yan kwamfuta za su ce: kai malam, mu ɗaliban fasaha ne, idan ba mu bi sabon abu ba wa zai bi? Gaskiya ne, kuma ban ce a rufe ido ba. Sauya ƙwaƙwalwa daga DragonBall zuwa ARM babban al'amari ne da ya cancanci a tattauna shi a aji. Tsofaffin manhajoji za su yi aiki ne ta hanyar wani tafinta da aka gina cikin OS 5, wanda yake fassara umarnin tsohuwar ƙwaƙwalwa ga sabuwa, kuma waɗanda aka rubuta ba bisa ƙa'ida ba za su iya ƙin tashi. Wannan ilimi ne, kuma ba sai ka kashe naira dubu hamsin ba kafin ka same shi. Akwai manhajar da take kwaikwayon Palm a kan babbar kwamfuta, kyauta ake ba da ita ga masu koyon rubuta manhaja. Wanda da gaske yake, ya roƙi sashensu a ɗora ta a ɗakin kwamfuta, ya rubuta mana ko da ɗan abin lissafin sakamakon samista ne. Wannan ya fi musun ko jikin Oslo azurfa ne ko toka-toka.

Akwai kuma wani abin dubawa. Tun farkon shekarar 2002 Handspring ya fitar da Treo 180, wadda ta haɗa wayar salula da dayari a jiki guda. Mu nan GSM ta shigo mana ne a watan Agustan 2001, kuma kowa ya ga yadda mutane suke rububinta duk da tsadar layi. Idan aka ba ɗalibi zaɓi tsakanin waya da dayari mai batir, ai ba sai an tambaya ba. A ganina nan gaba kaɗan wayar ce za ta haɗiye dayarin, kuma wanda ya zuba dukiyarsa a na'urar da ba ta kira zai wayi gari da aljihu biyu cike, ɗaya ba ya aiki.

To ina alherin Oslo gare mu? Yana nan, amma ta bayan gida zai shigo. Duk ranar da sabuwa ta fito, tsofaffi sukan faɗi. Masu kuɗi a Turai da Amurka za su saki nasu, su gangaro kasuwar kayan hannu, mai ɗan'uwa a waje kuma ya samu a araha. Saboda haka wanda yake da buƙata ta gaske yanzu, misali ɗan ajin ƙarshe mai fama da firojet, ya nemi ta hannu mai batir AAA, ya gwada fuskarta da tsinke a kowane lungu, ya tabbatar an haɗa masa da kujerarta da faifan manhajarta, ya kuma sami kwamfutar da zai riƙa kwafe bayanansa ko sau ɗaya a mako. Wanda ba ya sauri, ya jira sabuwar ta fito, ya ƙara wata shida a kai, waɗanda suka saya su gama kukansu mu ji inda take ciwo. Wanda kuwa ba shi da ko ɗaya, dayarin takarda da biro ba su taɓa gogewa don an ɗauke wuta ba.

Kafin wani ya sake tare ku da labarin Oslo, ku yi masa tambaya uku: nawa ce, kwana nawa batirinta yake yi, kuma idan ta goge ina za ka samo bayananka? Idan ya amsa, mu zauna mu yi hira. Idan ya fara da "wai an ce", ku ce masa ana jiranku a lakca.