DAGA ƊAKIN MALAMAI: Ranar Da Kyamara Ta Ƙame Mana A Fili

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, mu ba ku labarin wata kunya da muka sha a bainar jama'a, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinta.

Kamar yadda waɗansunku a nan Kumasi suka sani, ban da alli da allo, mu ne kuma ke ɗaukar wa makarantarmu hoto a duk lokacin da aka yi wani taro. Ba sana'armu ba ce, ɗora mana aka yi, muka kuwa karɓa. To, a ƙarshen Janairun 2025 aka shirya gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin makarantun shiyyarmu. Ana sauran kwana biyu sai ga saƙo daga wani tsohon ɗalibinmu da ke zaune a Jamus: dogon gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens, mai jawo abu daga nesa har milimita 300. Murna ta hana mu tunani. Muka ɗaura shi da daddare, muka ɗauki hoton agogon bango sau biyu, muka ga ya fito tangaran, muka ce shi ke nan.

A cikin ɗalibanmu akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, wadda duk shiyyar ba a samu mai kamo ta a gudun mita 100 ba. Sai da muka yi sawu uku zuwa gidansu kafin mahaifinta ya amince ta shiga gasar. A zuwa na uku ya ce, "Malam, na yarda saboda kai. Amma ni ba zan bar shago ba, sai ka kawo mini hoto in gani da idona." Muka ce, "Alhaji, in sha Allah har gida za mu kawo maka."

Ranar gasa muka tsaya daidai layin ƙarshe. Aka busa usur, yara suka taso, muka danne maɓalli, kyamara ta yi ta-ta-ta kamar sau goma, sai ta yi tsit. Muka sake dannawa, shiru. Muka murɗa makunni muka kashe, allonta bai mutu ba. Gudun mita 100 kuwa ba ya jiran kowa; kafin mu ɗago kai yarinya ta riga ta tsallake layi, ƙawayenta sun rungume ta. Abin da muka samu shi ne hotunan farkon gudu, inda duk yaran ke jere kamar ba a san gwani ba.

Nan take muka yanke wa gilashi hukunci. Shi ne baƙo, kuma kafin zuwansa shekara shida kyamarar nan ba ta taɓa yi mana haka ba. Har mun fara tsara irin wasiƙar da za mu rubuta wa wanda ya aiko. Allah ya taimake mu, wani dattijo mai ɗaukar hoto a Adum, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim, ya dakatar da mu. Ya ce, "Malam, in an yi sata a aji ranar da sabon yaro ya zo, kama shi kake yi ba bincike?" Muka ce a'a, Baba. Ya ce, "To zauna mu bincika."

Kafin mu faɗi abin da binciken ya nuna, ya kamata mu fahimci abu ɗaya. Gilashin kyamarar zamani ba gilashi ne kawai ba. A da, ƙarfe ne ke tura ƙarfe tsakanin kyamara da gilashinta. A 1987 kamfanin Canon ya fito da tsarin EOS, inda duk maganar da ke tsakanin su biyun ta koma ta hanyar lantarki, kuma a yau kusan duk sababbin kyamarori haka suke. Idan ka cire gilashi ka duba gindinsa za ka ga waɗansu 'yan ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ruwan gwal a jere, a bakin kyamara ma akwai abokansu. Ta nan kyamara ke ba gilashi wuta, ta nan take umurtarsa ya saita hoto, ya tsuke ko ya buɗe ƙofar haske. A cikin dogon gilashi akwai inji mai motsa manyan gilasai, sau da yawa kuma akwai na'urar hana rawar hannu. Duk waɗannan daga batir ɗaya suke sha. Idan maganar nan ta katse ko wutar ta gaza, kyamara na iya tsayawa cak.

Dokar dattijon nan guda ɗaya ce, kuma ita muke koya wa yara a darasin kimiyya amma muka manta da ita a fili: canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka canja na biyu. Wanda ya canja batir da kati da gilashi a lokaci guda, ko kyamara ta warke bai san me ya warkar da ita ba, gobe kuma ciwon zai dawo. Ga yadda muka bi.

Na farko, a duba 'yar fitilar nan da ke kusa da ƙofar kati. Idan tana ƙyaftawa, kyamara ba ta mutu ba, aiki take yi. A cikinta akwai wata 'yar ma'ajiya kamar zaure, inda hotuna ke jira kafin su shiga kati. Idan zaure ya cika, ba a karɓar baƙo sai na ciki sun ragu. Bari mu yi lissafi. Hoto ɗaya na nau'in RAW daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai wajen megabait 25. Hoto 20 ke nan megabait 500. Katin da aka rubuta wa lamba 10 a cikin da'ira, alkawarinsa shi ne megabait 10 a daƙiƙa, saboda haka yana iya ɗaukar daƙiƙa 50 kafin ya kwashe. Wanda aka rubuta wa V30 alkawarinsa megabait 30 ne, wato ƙasa da daƙiƙa 17. Muddin fitilar nan na ci, kada a zare kati, kada a zare batir, domin ana iya rasa hotunan, har katin ma ya rikice.

Na biyu, a tabbata ba ƙin ɗauka kawai take yi ba. Kyamarori da yawa, idan aka bar su a kan saitin abin da ke tsaye, ba za su ɗauka ba sai sun tabbata hoto ya zauna. Mai gudu kuwa ba ya zama. Don wasanni akwai saiti mai bin abu yana tafiya, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a tura maɓallin jikin gilashi daga AF zuwa MF a danna. Idan ta ɗauka, to lafiyarta ƙalau, saiti ne bai dace ba.

Na uku, idan fitila a mace take, maɓallai kuma duk sun ƙi, sai a kashe, a zare batir, a ƙirga ashirin, a mayar. Wannan shi ne taimakon gaggawa, kuma da mun san shi a fili da ba mu tsaya muna jijjiga kyamara kamar kwalbar magani ba.

Na huɗu, a cire gilashi a duba ɗigo-ɗigon nan. Lokacin hunturu ne, ƙura ba inda ba ta shiga, zufar hannu ma tana barin maiƙo. A goge su da ƙyalle mai laushi, busasshe, mai tsabta, ana kifa bakin kyamara ƙasa don kada datti ya faɗa ciki. Ban da yawu, ban da kananzir, ban da kankarewa da reza. A mayar da gilashi a murɗa har sai an ji ya ce ƙas, domin wanda bai kulle sosai ba yakan yi aiki a ɗaki, ya yanke a fili idan nauyinsa ya ja shi. Kuma kullum a kashe kyamara kafin a cire ko a ɗaura gilashi. Waɗansu kyamarorin suna faɗin ciwonsu da kansu: na Canon kan rubuta Err 01 idan magana ta katse tsakaninsu da gilashi, na Nikon kuma kan nuna F da 'yan layuka biyu. Tamu ba ta ce komai ba.

Na biyar, a yi musaya. Tsohon gilashi a kan kyamararka, sabon gilashi a kan kyamarar wani. Mun yi haka a ƙofar shagon dattijon, muna ɗaukar motocin da ke wucewa a jere ba ƙaƙƙautawa. Da tsohon ƙaramin gilashinmu, kyamara ba ta tsaya ba. Sabon gilashi a kan kyamarar dattijo, shi ma lafiya lau. Muka haɗa namu da namu, kafin mota ta biyar ta sake ƙamewa. Ashe kowannensu shi kaɗai lafiyayye ne, haɗuwarsu ce ke kawo rigima.

Na shida, batir. Dattijo ya zare namu ya juya shi a tafin hannu, ya ɗora a kan tebur, sai ga shi yana ɗan lilo, alamar cikinsa ya fara kumbura. Shekararsa shida, an yi masa caji ba adadi. Yana nuna a cike yake, kuma yana iya ɗaukar ƙaramin gilashi, amma da zarar injin babban gilashi da na'urar hana rawa da ɗauka a jere suka nemi wuta gaba ɗaya, sai ƙarfinsa ya faɗi. Aka sa batirin dattijo, muka ɗauki hoto sama da ɗari biyu, ko tari ba ta yi ba. Mai laifi dai ɗan gida ne. Baƙo asirinsa kawai ya tona. Batirin da ya kumbura kuwa ba a sake yi masa caji, domin yana iya kamawa da wuta.

Da batir bai warware matsalar ba, saura mataki na bakwai, wato manhajar da ke cikin kyamara da ta cikin gilashi. Tsohuwar kyamara ba lalle ta san yaren gilashin da aka ƙera bayanta ba, musamman idan ba kamfani ɗaya ya yi su ba, ko kuwa an sa mahaɗi a tsakani. Kamfanoni kan sa gyaran a shafinsu na intanet kyauta. Sigma da Tamron har suna da 'yar na'urar da ake ɗaura wa gilashi a haɗa da kwamfuta don wannan aiki. Sharaɗi shi ne batir ya kasance a cike, kuma kada a taɓa komai sai an gama. Sai duk waɗannan sun gaza ne ake neman mai gyara, kuma a lokacin kana da bayanin da za ka yi masa, ba za ka biya kuɗin lalube ba.

Mun sayi sabon batir, muka ƙara da kati mai V30. Kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin gilashin da muka so mayarwa Jamus ba. Amma gaskiya ita ce laifin bai tsaya ga batir ba. Mu da ke hana yara shiga jarrabawa da sabon alƙalamin da ba su gwada ba, mu ne muka shiga fili da kayan da muka gwada a kan agogon bango. Abin da za a yi da shi a guje, a guje ake gwada shi. Da mun fita bakin titi minti goma kacal, da mun gano ciwon tun ana sauran kwana biyu.

Saboda haka muna kira ga matasanmu na zango da suka rungumi wannan sana'a, masu bin ƙwallon unguwa da bukukuwan aure da hawan sallah: sabon kaya a ba shi mako guda a gida kafin a kai shi aiki. A riƙa tafiya da batir biyu da kati biyu, tsohon gilashi kuma kada a bar shi a gida. Ranar aiki ba ranar koyo ba ce.

Game da Alhaji kuwa, mun je mun same shi a shago, muka faɗa masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Muka miƙa masa hoton farkon gudu da na lokacin da ake rataya wa 'yarsa lambar yabo, wanda wani malami ya ɗauka da wayarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ai wannan ma ya isa shaida. Amma na tsakiyar fa ina binka bashi." Yarinyar yanzu tana babbar sakandare, kuma mun ji ba ta daina gudu ba. Mun riga mun nemi izinin shugaban makarantarmu don ranar gasarsu, batir biyu kuma suna cikin jaka.

Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.